Mai Jira da Mai Binne

A Magariya da Dungass, Disamba watan hunturu ne: gero ya shiga rumbu, riɗi ya nufi kasuwa. A lokacin ne Kiristoci, ƴan tsiraru a tsakanin maƙwabta Musulmi, ke raya Lahadi huɗu na jiran Kirsimeti. To, wanda ya miƙa lamarinsa ga nufin Allah, salama ya samu, ko kuwa saduda ya yi?

Manomin yankin ya san amsar. Yakan yi binne tun ƙasa na bushe, alhali ba shi da iko da hadari. Shuka tasa ce, ruwa na Allah ne. Haka Maryamu ta karɓi saƙon mala'ika ba tare da sanin abin da gobe za ta haifa ba.

An jarraba wannan dogaro a Janairun 2015, sa'ad da aka ƙona majami'u a Damagaram, babban birnin jihar. Wanda ya ga tokar, ya kuma gaida maƙwabcinsa da safe, ba mantawa ya yi ba. Hukunci ne ya bar wa Mai shi. Salama ke nan: mutum ya sauke nauyin da ke wuyansa, saura kuma ya bar wa Allah.