Matar Manowa da Ƙwaryar Burukutu

Ya 'yan'uwa, ku buɗe Littafin Alƙalawa, sura 13. Sa'anda mala'ikan Ubangiji ya kawo wa matar Manowa albishir za ta haifi Samson, ya yi mata kashedi kada ta sha ruwan inabi ko abin sa maye tun yaron yana ciki. Hakika dokar keɓaɓɓe ce, amma akwai hikima a ciki domin kowace mace.

A 1968 wani likitan yara a Faransa, Lemoine, ya duba 'ya'yan mashaya 127, ya iske lahaninsu iri ɗaya ne. Likitocin Amurka suka tabbatar da wannan a 1973. Giyar da uwa ta sha takan bi jini, ta ratsa mabiyiya, ta shiga ta cibiya, hantar ɗan kuwa ba ta yi ƙwarin tace ta ba. Sai a haife shi ɗan mitsitsi, da ƙaramin kai da siririn leɓen sama. Wani ma ba alama a fuskarsa. Sai ya shiga makaranta, malam ya yi ta dukansa, wai daƙiƙi ne. Wane laifi yaron nan ya yi? Lahanin kuwa ba ya warkewa.

Ku mazaje, da ku uwayen miji, ku ne kuke miƙa mata ƙwarya ranar gayya, kuna cewa, "Kurɓa kaɗan, tana ƙara jini." Ba ta ƙarawa. Ba wani awo da likitoci suka ce babu haɗari.

Ke 'yar'uwa da kin riga kin sha, kada kunya ta rufe miki baki. Ki daina yau, ki faɗa wa ungozoma ranar awon ciki.