Bakin rumbu a sama yake

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Wanke da kaka zai ga rumbuna jere a bayan gidaje. Ba a girka rumbu a kan ƙasa, sai a kan duwatsu, saboda gara da danshi. Bakinsa kuma a sama yake, ƙarƙashin jinka. Mai son ɗiban hatsi sai ya kafa tsani, ya ɗaga murfi. Kafin ya gama hawa, ya riga ya tambayi kansa ko buƙatar ta kai a buɗe.

Manomi mai tsari ba ya zuba amfani haka kawai. Yakan fara ware iri daga zangarniyar da ta fi kyau. Sai ya fitar da zakka, ɗaya cikin goma ga noman damina idan ya kai nisabi. Sannan ya lissafa abin da iyali za su ci har sabon gero ya nuna. Abin da ya rage shi ke zuwa kasuwar Tsafe ko Bungudu.

Wanda ya juya wannan jeri, ya kwashe buhuna da kaka, lokacin da hatsi ke araha, don biki ko sabon babur, shi ne cikin Agusta zai sayi tiya da tsada, ko ya ci bashi a kan gonar da ba ta nuna ba.

Yau ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗan kabu-kabu kuɗinsu na cikin waya, ga mai POS a kowace kwana. Bakin rumbunsu ya sauko ƙasa, alhali tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 cefane ya ƙara nauyi. Don haka ranar da kuɗi suka shigo, a fara ware jari, da na abinci, da na makaranta da magani. Ajiya kuwa a kai ta inda hannu ba ya saurin kaiwa: adashi, ko asusun da ba shi da kati, ko tunkiyar kiwo.

Kuma a yankin da 'yan bindiga ke kore dabbobi suna ƙone rumbuna, kada a tara komai wuri guda. Maigida ya sanar da uwargida abin da aka ajiye da inda yake, domin dukiyar da mutum ɗaya kaɗai ya san wurinta takan ɓace tare da shi, ta bar marayu da hannu wofi.