Hannu Bai Taɓa Hadaya Ba, Amma Takarda Fa?

'Yan'uwa, ga wata tambaya da ta raba masu bi a zamanin dā, ina so mu auna ta tare. Idan mutum bai aikata abu da hannunsa ba, amma ya yarda aka rubuta cewa ya aikata domin ya tsira da ransa, yana da laifi ko ba shi da shi?

A shekara ta 249 Desiyus ya hau gadon sarautar Roma. Ƙasa ba ta zaune lafiya, abokan gāba suna matsa wa iyakoki. Romawa kuwa sun gaskata zaman lafiyar ƙasa yana rataye ga yardar allolinsu, in aka yi sakaci da hadaya masifa za ta auko wa kowa. Saboda haka sarki ya ba da doka, kowane mutum ya zo gaban wakilan hukuma, ya zuba ruwan inabi, ya miƙa hadaya, ya ɗanɗana naman. Sa'an nan a ba shi takardar shaida da sa hannun wakilan. An tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a ƙasar Masar, an rubuta su cikin watan Yuni da na Yuli, 250.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Waɗansu masu bi suka ƙi, aka ɗaure su, waɗansu har suka mutu, kamar Fabiyan, shugaban ekklisiyar Roma, a watan Janairu, 250. Waɗansu suka ɓuya. Da yawa suka je suka yi hadayar. Amma akwai waɗanda suka sami wata dabara, watau suka ba wakilai kuɗi a ɓoye, aka rubuta musu takarda, ba su kuwa taɓa bagadi ba.

Mu saurari hujjar irin wannan mutum, gama ba ta banza ba ce. Zai ce, hannuna bai taɓa hadaya ba, bakina bai ci naman gumaka ba, zuciyata tana wurin Almasihu. Ina da mata da 'ya'ya, in na mutu wa zai ciyad da su? Kuɗi kaɗai na rasa.

Amma mu tambaya, me sarki ya ke nema? Bai ce kowa ya bar Allahnsa ba, bai kuwa bincika abin da ke cikin zuciya ba. Abin da ya ke so shi ne shaida a fili cewa kowa ya rusuna wa allolin Roma. To, wanda ya sayi takarda ya ba sarki daidai abin da ya nema. Takarda magana ce, har ta fi ta baki daɗewa. Maƙwabcin da ya gan ta zai ce, ashe wannan ma ya bar Yesu. Wanda ke kurkuku kuma, in ya ji labari, gwiwarsa za ta yi sanyi. Haka Kifriyanus, shugaban ekklisiyar Kartaj a ƙasar da yanzu a ke kira Tunisiya, ya koyar, cewa karɓar takardar musu ne, ko da hannu bai ƙazantu ba.

Duk da haka ekklisiya ba ta rufe ƙofa ba. A shekara ta 251, shekarar da Desiyus ya mutu a yaƙi, shugabanni suka taru a Kartaj. Suka shirya a bincika al'amarin kowane mutum shi kaɗai, a karɓi masu takarda da suka tuba, amma waɗanda suka yi hadaya su daɗe cikin tuba, sai in mutuwa ta matso a karɓe su. Wani mai suna Nobatiyan a Roma ya ƙi wannan sassauci, ya ware da jama'arsa. Ni dai ina gani taron ya yi daidai. Sun kira zunubi da sunansa. Bitrus ma ya yi musu sau uku saboda tsoro, Ubangiji kuwa ya komo da shi. Kifriyanus kansa ya ɓuya a zamanin Desiyus, mutane suka zarge shi, amma a shekara ta 258 ya ƙi hadaya, aka fille masa kai.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan abin da bakinka ba zai iya faɗa gaban Allah ba. In kuwa ɗan'uwanka ya faɗi saboda tsoro, kada ka yi masa dariya, ka kama hannunsa. Kai ma ba ka san nauyin ranar gwajinka ba tukuna.