Haƙƙin Mai Rauni A Wuyan Jama'a

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, maganar wannan mako a kan mutumin da aka kawo asibiti jina-jina ce, da haƙƙin da yake da shi a wuyan jama'a.

A ranar yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, an ji wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, rauni a fuska. Imamu Buhari ya ruwaito cewa Sayyidina Aliyu yana zuba ruwa, Nana Faɗima tana wanke raunin. Da ta ga ruwan ba abin da yake yi sai ƙara kwararar jini, sai ta ƙona guntun tabarma ta manna tokar a wurin, jinin kuwa ya tsaya. Abin lura a nan shi ne ta duba sakamakon abin da ta fara yi, da ta ga bai yi amfani ba ta sake dabara. Wannan shi ne tushen binciken likitanci, watau a gwada, a duba, a riƙi abin da ya amfana.

Irin wannan gwaji ne likitoci suka yi a kan wani magani mai suna traneksamik asid, wanda wasu masana biyu 'yan Japan, Shosuke Okamoto da matarsa Utako, suka samo a farkon shekarun 1960. Aikinsa shi ne ya hana narkewar gudan jinin da jiki yake haɗawa don toshe bakin rauni. A shekarar 2010 mujallar Lancet ta buga sakamakon binciken da aka kira CRASH-2, wanda ya ƙunshi masu rauni 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, har da Nijeriya. An raba su gida biyu. Cikin waɗanda aka yi wa allurar maganin, kashi 14.5 cikin ɗari suka rasu, alhali kuwa cikin waɗanda ba su samu ba, kashi 16 ne.

Da aka sake bin lissafin a 2011, sai aka ga ashe sirrin yana ga lokaci. Wanda aka yi wa allurar cikin sa'ar farko, haɗarin mutuwarsa ta zubar jini ya ragu da kusan sulusi. Daga sa'a ɗaya zuwa uku amfanin ya ragu. Bayan sa'a uku kuwa amfanin ya gushe, har ma aka ga alamar cutarwa. A 2017 wani bincike mai suna WOMAN, a kan mata fiye da 20,000 masu zubar jini bayan haihuwa, ya nuna haka nan: amfanin yana ga yin allurar cikin sa'a ukun farko.

To, ina waɗannan sa'o'i uku suke salwanta? Suna salwanta a bakin titi, inda jama'a suke kewaye wanda mota ta kaɗe suna salati, wasu ma suna ɗaukar hoto da waya, ba mai ɗaga shi. Suna salwanta a gida, inda mai jego take zubar da jini ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini. Suna salwanta a ƙofar ɗakin taimakon gaggawa, inda ake neman kuɗi ko takardar 'yan sanda. Alhali dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi ba mutum taimakon gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta a karɓi wanda aka harba ko da babu takardar 'yan sanda.

Masu cewa ajali ba ya jinkiri sun yi gaskiya, amma wannan ba hujjar sakaci ba ce, domin Annabi ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta daidaita ceton rai ɗaya da ceton mutane baki ɗaya. Malamai kuma sun ce ceto wanda yake bakin halaka farilla ce ta kifaya, idan kowa ya bari, duk wanda ya gani yana da iko ya yi laifi.

Saboda haka wanda ya tarar da mai rauni ya danne wurin da tsumma mai tsabta, kada ya zuba ƙasa ko toka, tun da Allah Ya hore abin da ya fi su, ya kuma garzaya da shi asibiti. Magidanci ya ba iyalinsa izini tun kafin ranar buƙata. Ma'aikacin asibiti ya fara da wanda ya fi jikkata, ko da talaka ne. Mai ƙoshin lafiya kuma ya ba da gudummawar jini, sadaka ce.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.