Gidan Magani da Hayaƙinsa

Akwai wata tambaya da ta kamata masu hankali su tsaya a kanta, watau ko ya halatta gidan da aka gina don warkar da mutane ya zama yana haddasa musu wata cutar. Wanda ya ji wannan ya ce wasa ne. Amma a 2019 masu bincike sun ƙiyasta cewa aikin kiwon lafiya na duniya shi ke fid da kashi 4.4 cikin 100 na iskar kabon da sauran iskokin da ke ɗumama duniya. Da a ce ƙasa ce, da ita ce ta biyar wajen yawan hayaƙi.

To, mu dubi abin a gida. Mara lafiya ya taso daga Sabon Gari cikin mota, ya bi ta Kwangila, ya ratsa Samaru, har ya isa Shika, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma a 2005. Duk wannan tafiya mai ake ƙonawa. A asibitocin ƙasar nan kuwa, in an ɗauke wuta sai a ta da janareto, ga shara da ake ƙonawa, ga magunguna da aka yo jigilarsu daga Indiya ko Sin. Hayaƙin nan bai san likita ba, bai san majinyaci ba. Huhun da aka zo yi wa magani shi ne ke shaƙarsa.

Shin sai a kashe janareton ke nan? Haba, ina! Macen da aka shiga da ita ɗakin tiyata da tsakar dare don a ciro mata jariri, hakkinta ne a ba ta haske, ko da me za a samo shi. Wanda ya ce ta haƙura da duhu saboda yanayin duniya ya yi zalunci, balle ma ba ita ta ɓata shi ba. Ingila ta yi alkawari a 2020 cewa hukumar asibitocinta za ta kai ga daidaita hayaƙinta kafin 2040. Lalle ta kyauta, amma fa mai hannu da shuni ne ke biyan bashin da ya daɗe yana ci.

Namu nauyin dabam ne, ya kuma fi sauƙi bisa ga yadda ake zato. Rana ba ta yi mana rowa ba. Farantan sola a kan rufin ƙaramin ɗakin shan magani sun isa su riƙe firjin allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa, ba ƙara, ba wari, ba kuɗin mai. In kuwa ƙaramin asibitin unguwa yana aiki sosai, mai zazzaɓi ba shi da dalilin zuwa Shika.

Sa'an nan ga babban abin, wanda ya rataya a wuyan kowa: majinyacin da bai kwanta ba, ba a ƙona masa ko ɗigon mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki cikin gidaje ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a 2020. Magidancin da ya sauya wa matarsa murhun itace, ya rage hayaƙi, ya kuma tsare mata ƙirji. Dā malamai da ɗalibai da leburori kan taka keke tsakanin Samaru da Sabon Gari, ba wanda ke ganin ƙasƙanci ne. Yau mutum ya hau babur don zuwa masallacin unguwarsu, gobe a gan shi a layin masu awon hawan jini da ciwon suga, da kati a hannu, yana jiran a kira sunansa.