Sulken da Ba Ya Tare Kibiya

Sulke abu ne da aka ƙirƙira domin buƙata guda: ya shiga tsakanin ƙarfe da nama. Idan ya tare mashi ya cika sunansa, idan bai tare ba a binne mai shi. Sai ga shi a wannan zamani ana samun mutane iri biyu masu ɗaukar nauyin sulke alhali babu mai harbinsu. Na farko shi ne ɗan lifidan da ke bin bayan sarki ranar hawan sallah. Na biyu shi ne saurayin da ke sayen gutsattsarin farar roba daga ƙasashen Turai ko Amurka, ya yi makonni yana yanka yana liƙawa, har ya fito da siffar sojan da bai taɓa wanzuwa ba sai a cikin fim. Tambayar da ta dace a yi a kansu ita ce: wanda ya sa rigar yaƙi ba don yaƙi ba, ƙarya yake yi? In kuwa ba ƙarya ba ce, to mece ce?

Mutanen ƙasar Madarunfa suna da haƙƙin yin wannan tambaya fiye da wasu, domin ƙasarsu ta san sulke tun yana aikinsa na asali. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta na Haɓe suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819. Daga nan aka shafe mafi yawan ƙarni na 19 ana kai hari ana ramawa tsakanin Maraɗi da Tsibiri a gefe guda, da Katsina da sauran ƙasashen daular Sakkwato a ɗaya gefen. Sunan Ɗan Baskore har gobe bai ɓace daga bakin makaɗa ba. Madarunfa, da tafkinta da kaburburan waliyyanta 99, tana tsakanin Maraɗi da iyakar Jibiya, wato a kan turbar da dawakin ɓangarorin biyu suka sha takawa.

Lifidin wancan zamani aikin hannu ne mai wuya. Maɗinki zai haɗa ƙyalle biyu, ya cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, ya bi da ɗinki layi-layi don kada cushen ya zube gefe guda. A yi wa doki nasa tun daga wuya har gwiwa, a yi wa mahayi nasa, a ɗora masa kwalkwali. Mai hali kuma ya sa sulken zobba, wanda tsofaffinsa da yawa ta hamada fatake suka kawo su. Littafin tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwalin ƙarfe ga Sarki Kanajeji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410. Amfanin lifidi a bayyane yake: kibiya mai dafi takan maƙale a cikin audugar kafin ta kai ga fata. Aibinsa ma a bayyane yake, domin wuta na cin sa, ruwa na ƙara masa nauyi, kuma wanda ya faɗo daga doki da shi ba ya tashi da sauƙi sai an kama masa. Maɗinkin da ya rage auduga ya ɓoye, asirinsa a fagen fama yake tonuwa, da ran wani.

Bindigar Turawa ce ta kawo ƙarshen wannan awo. A watan Fabrairu na 1903, a Kwatarkwashi, dawakin Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta afka wa ƴan tsirarun sojojin Ingila ba su iya karya su ba, Wazirin ma a nan ya kwanta dama. A watan Maris na wannan shekara Sakkwato ta faɗi. Tun daga lokacin lifidi ya rasa aikin da aka ɗinka shi dominsa, amma bai mutu ba, sai ya sauya sana'a ya zama ado. An fito da shi a gaban Yariman Ingila a Kano a 1925, da gaban Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, da babban hawan bikin FESTAC a Kaduna a 1977. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. Fiye da shekara 120 ke nan ana ɗinka rigar yaƙin da kowa ya san ba za ta je yaƙi ba.

A cikin shekarar 1977 ɗin nan ne kuma aka fitar da fim ɗin Star Wars a Amurka, inda aka ga rundunar sojoji sanye da farin sulke daga kai har ƙafa. Sulken na roba ne tun asalinsa. Akan gasa faifan roba har ya yi laushi, a shimfiɗa shi a kan zubi, a zuƙe iskar da ke tsakani, sai ya ɗauki siffar ƙirji ko cinya ko ƙwauri. Masu sha'awa sukan sayi waɗannan gutsattsari a kwali guda, kowanne da rarar roba a gefensa. Aikin mai saye ne ya auna jikinsa, ya yanke rarar da wuƙa ko almakashi, ya goge bakin don kada ya yanke shi, ya liƙa ɓari da ɓari, ya ɗaura madaurai daga ciki yadda kowane yanki zai zauna a gurbinsa a kan baƙar rigar da ke ƙasa. In ya yanke da yawa ya yi asara, in ya rage da yawa ya yi ta ƙwaram-ƙwaram kamar tsohon amalanke. Bayan duk wannan wahala, wanda ya sa shi da ƙyar yake zama, da ƙyar yake ganin gabansa, ga zufa. A 1997 aka kafa ƙungiyar 501st Legion a Amurka, wadda ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama. Ba ta karɓar mutum sai an duba kayansa an ga sun dace da ƙa'idarta, kuma ƴaƴanta sukan ziyarci yara marasa lafiya a asibitoci, su taimaka wajen tara kuɗin agaji.

Mai tsananin ra'ayi zai haɗa mutanen nan biyu ya yanke musu hukunci guda. Zai ce kama da wane ba ta wane, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Zai ce jarumta ba a ɗinka ta, ba a zuba ta a zubi. Wanda ya ari siffar jarumi yana neman kwarjinin da bai biya kuɗinsa ba, alhali waɗanda suka biya da jininsu suka biya. Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Sai dai ta ɗauka cewa duk kamanni yaudara ne, kuma a nan ta yi tuntuɓe.

Ƙarya tana buƙatar mutum biyu: mai son a gaskata abin da ya san ba haka yake ba, da wanda bai sani ba. Idan na biyun ya sani, kuma na farkon ya san ya sani, to an fita daga babin ƙarya an shiga babin wasa. Bahaushe ya daɗe da fahimtar wannan. Idan azumi ya kai kwana goma yara sukan fito tashe, wani ya liƙa gemun auduga ya duƙa da sanda, babu mai kama shi da laifin ƙaryar tsufa. A Damagaram an san wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon sarakuna da manyan gwamnati da kayan da aka sarrafa daga karan hatsi, manyan da ake kwaikwaya ma su zo su yi kallo. Tsakanin mai wasa da mai kallo akwai alkawarin da ba a furtawa: kai ka san ni, ni na san ka san ni, bari a tuna wani abu tare. Ɗan lifida yana cikin wannan alkawari, mai farar roba ma haka. Yaron da ke kwance a gadon asibiti bai ɗauka an zo kare shi daga harsashi ba, murna aka kawo masa kuma murnar ta gaske ce.

Wanda yake son ganin rigar ƙarya ta haƙiƙa ba sai ya yi nisa ba. Shekarun baya-bayan nan ƙauyukan kan iyaka, daga yankin Gabi da dajin Baban Rafi har zuwa cikin Katsina da Zamfara, sun sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa, kuma tun 2019 dubban ƴan gudun hijira suka tsallako cikin jihar Maraɗi. Sau da yawa an ba da labarin maharan da suka zo sanye da kakin soja. Wannan riga aikinta shi ne ta sa manomi ya tsaya a lokacin da ya kamata ya gudu. Haka kuma mai sayar wa matashi laya ko ruwan magani da alkawarin harsashi ba zai huda shi ba, ya karɓi kuɗi ya koma gida, ya bar yaron mutane ya tari bindiga da ƙirji. Robar ɗan wasa ba ta taɓa cewa za ta tare komai ba, don haka ba ta ci amanar kowa ba. Laifin yana ga rigar da ta yi alkawarin kariya ta karɓi amana a kan haka, sannan ta saɓa.

Duk da haka, kuɓuta daga zargin ƙarya ba ya nufin an gama magana, domin akwai tambayar abin da mutum ya zaɓi ya yi kama da shi. Fararen sojojin fim ɗin nan bayin azzalumin mulki ne, fuskarsu a rufe, babu mai suna a cikinsu. Mai hankali zai iya tambaya: me ya sa ɗan kirki zai kashe dukiyarsa don ya yi kama da ƙarfin zalunci? Amma kafin Bahaushe ya yi wa baƙo dariya, ya kamata ya juya tambayar ga lifidinsa. Dawakin da ake yi wa guɗa a yau, kakanninsu sun ƙone rumbuna, sun koro mata da yara zuwa kasuwar bayi, ta wannan gefen iyaka da wancan. A cikin masu kallon hawa akwai jikokin mahaya, akwai kuma jikokin waɗanda aka taka. Sa rigar bai zama goyon bayan abin da aka aikata a cikinta ba, amma yana ɗora wa mai ita nauyin sani. Wanda ya hau da lifidi yana sane da tarihinsa duka, mai daɗi da mai ɗaci, yana tunawa ne. Wanda ya ɗauki ƙyalƙyalin ya zubar da sauran, ya fara yi wa kansa ƙarya ko da bai yi wa kowa ba.

Akwai kuma bambancin da ke tsakanin rigunan biyu ta wajen hannun da ya yi su. Lifidi daga gonar auduga da bishiyar rimi yake fitowa, ya bi ta hannun masaƙi da marini da maɗinki da baduku, kowanne da sunansa a unguwa. Ita kuwa roba zubinta na wani ne, siffarta ma sai da aka yi shari'a a kanta: a 2011 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci tsakanin kamfanin Lucasfilm da Andrew Ainsworth, mutumin da ya zuba kwalkwalan farko, ta ce kwalkwalin ba ya cikin abin da dokarsu ke kira sassaƙa. Wannan bambanci gaskiya ne, amma bai isa hujjar raina baƙon abu ba, tunda lifidi da sulke ma baƙi ne a zamanin Kanajeji. Abin da ke mayar da baƙo ɗan gida shi ne a samu hannun da ya iya yin sa, ya iya gyara shi, ya iya koya wa na baya.

A nan ne mai yankan roba yake da darasin da zai bayar. Kayan da ke zuwa masa a kwali ba a jikinsa aka auna su ba, dole ya tsaya ya san tsawon ƙwaurinsa da faɗin ƙirjinsa yadda suke, ba yadda yake fata ba. Igiyar awo ba ta yi wa kowa kara. A cikin Suratu Saba'i an ambaci yadda aka tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe aka umarce shi da yin sulke, kuma umarnin ya haɗa da kiyaye awo wajen saƙa zobban. Sulken da ya fi ƙarfin mai shi kaya ne, wanda ya gaza shi kuma tarko ne.

Mafi yawan sulken da ake sawa a yau ba na ƙarfe ba ne, ba na roba ba. Rawanin sarauta sulke ne, kakin ma'aikaci sulke ne, haka farar rigar likita, da allon malami, da takardar shaidar da ɗalibi ke fita da ita daga makaranta. Kowannensu an yanka shi ne a jikin wani da ya gabata, kuma kowannensu yana yi wa jama'a alkawarin kariya: daga zalunci, ko cuta, ko jahilci. Waɗannan ba su cikin alkawarin tashe, domin talakan da ya zo gabansu da gaske ya zo. Ɗalibin da ya sayi sakamakon jarrabawa ya sa sulken da babu auduga a ciki, kuma ranar da kibiya za ta zo, a jikin marar lafiyar da aka damƙa masa za ta sauka, ko a kan yaran ajin da aka ba shi.

Saboda haka ɗan lifida ya ci gaba da hawansa, a kuma nemi tsofaffin maɗinkan da suka rage a zaunar da yara a gabansu tun suna da ƙarfin riƙe allura. Mai sha'awar farar roba ya yanka abinsa lafiya. Binciken da ya fi gaggawa a kan sauran rigunan ya kamata a yi shi, waɗanda jama'a ke fakewa a bayansu da gaske, kuma wanda ya fi cancanta ya fara zare ɗinkin ya duba cushen shi ne wanda rigar take jikinsa.