Hoton Cikin Jiki da Iyakar Gaibu

Tun daga lokacin da asibitoci suka fara mallakar na'urorin da ke nuna abin da fata ta rufe ba tare da an tsaga jiki ba, tambaya guda ta riƙa dawowa a majalisun malamai da na likitoci, wato ko kimiyya ta fara kutsawa cikin gaibu, ilimin da Musulmi suka yi imani Allah ne kaɗai Ya keɓanta da shi. Tambayar ta fi zafi a kan abin da ke cikin mahaifa, domin ƙarshen Suratu Luƙman ya ambace shi cikin abubuwan da saninsu ke wurin Allah, alhali a yau mai juna biyu kan je a yi mata sikanin ta dawo gida da labarin ko namiji take ɗauke da shi ko mace. Amsar da malamai suka saba bayarwa ita ce gaibu iri biyu ne: akwai wanda babu hanyar da halitta za ta bi ta kai gare shi, kamar ajalin jaririn da arzikinsa da makomarsa, akwai kuma wanda ya ɓoyu ga wani amma ya bayyana ga wani, kamar abin da ke bayan katanga, wanda ke zama sananne da zarar an leƙa. Wannan amsa daidai take, sai dai ta yi saurin rufe zancen, domin ta ɗauka cewa na'urar leƙawa take yi kamar yadda ido ke leƙawa, kuma a nan ne ainihin matsalar take.

Na'urar da ta fi dacewa a yi nazari a kanta ita ce wadda ake kira MRI, domin babu haske a cikin aikinta ko kaɗan. Fiye da rabin nauyin jikin babban mutum ruwa ne, kowace ƙwayar ruwa kuma tana ɗauke da zarra biyu na sinadarin haidurojin, wanda cibiyarsa ke da ɗabi'a irin ta ƙanƙanuwar allurar kamfas. Idan aka shigar da mutum cikin maganaɗisu mai ƙarfi, waɗannan allurai sukan riƙa kewaya layin maganaɗisun suna layi, kamar yadda katantanwar yara ke yi idan juyinta ya fara sanyi, kuma saurin wannan kewaye ya dogara ne kacokan a kan ƙarfin maganaɗisun. A na'ura mai ƙarfin tesla 1.5, wadda ta ninka maganaɗisun duniya kusan sau 30,000, kewayen yakan kai kimanin sau miliyan 64 a daƙiƙa guda, wato ƙasa kaɗan da zangon da gidajen rediyon FM ke watsa shirye-shirye a kai. Sai a aika da igiyar rediyo mai wannan sauri daidai, allurai su karɓe ta su karkace, a kashe ta, su kuma su koma yadda suke suna fitar da wata 'yar amsa mai rauni, wadda ita kaɗai ce abin da na'urar ke ji. Felix Bloch a Jami'ar Stanford da Edward Purcell a Jami'ar Harvard, kowanne da tawagarsa kuma ba tare da haɗin baki ba, su ne suka bayyana wannan al'amari a cikin ruwa da daskararrun abubuwa a 1946, aka ba su kyautar Nobel a 1952, ba tare da ɗayansu yana da majinyaci a zuciya ba.

Maganaɗisun kansa ɗa ne ga wani reshen ilimi, wato nazarin ɗabi'un ƙarafa da sauran kayan ƙira. A 1911, a birnin Leiden na ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes ya gano cewa idan aka sanyaya wasu ƙarafa matuƙar sanyayawa, wutar lantarki kan gudana a cikinsu ba tare da wata turjiya ba. Saboda haka ne ake naɗe mafi yawan waɗannan na'urori da wayar da aka haɗa daga niyobiyom da taitaniyom, a tsoma ta cikin ruwan heliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, ta yadda wanda ke kwance a cikin bututun, yana jin bugun nan mai kama da na maƙera, ba ya da nisa da sanyin da babu irinsa a ko'ina a doron ƙasa sai inda mutum ya haɗa shi.

Amsar da alluran ke bayarwa ba ta faɗin daga wane sashe na jiki ta fito. Paul Lauterbur ne ya yi dabarar sa ƙarfin maganaɗisun ya bambanta kaɗan daga gefe zuwa gefe, domin kowane wuri ya amsa da nasa sauti, ya kuma wallafa hotonsa na farko a 1973, wanda bai wuce na wasu ƙananan bututai biyu na ruwa ba. Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila ya samar da hanyar tattara amsoshin da sauri, aka haɗa su a kyautar Nobel ta 2003. Abin da ke shiga kwamfuta dai tarin lambobi ne da ba su yi kama da ƙwaƙwalwa ko ƙashin baya ba, sai an bi da su ta wani lissafi da ya samo asali daga Joseph Fourier, Bafaranshen da ya rasu a 1830 bayan ya ƙirƙiro shi don nazarin yadda zafi ke yaɗuwa. Wani abin lura kuma shi ne ma'aikacin na'urar yana da zaɓi a kan tazarar da zai bari tsakanin aika igiya da sauraron amsa: da wani zaɓin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa zai fito baƙi wuluk, da wani kuma ya fito fari fat, a kan mutum guda cikin zama guda. Babu ɗaya daga cikin biyun da za a ce shi ne launin gaskiya, tunda cikin ƙoƙon kai duhu ne, launi kuwa sai da haske.

Ke nan abin da likita ke ɗagawa ya nuna wa majinyaci samfurin lissafi ne, wato siffar da aka gina daga awo bisa wasu sharuɗɗa da aka amince da su tun farko, aka kuma yi mata tufafin hoto domin ido ya iya karanta ta. Wannan ba aibu ba ne. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya nuna a Kitabul Manazir cewa gani na yau da kullum ma ba ya rabuwa da kintace, domin ido haske da launi kawai yake karɓa, hankali ne ke yanke hukunci a kan nisa da girma da ko wane ne ke tahowa, cikin saurin da mai ganin ba ya ankara. Bambancin kawai shi ne kintacen na'ura a rubuce yake, ana iya bin sawunsa mataki-mataki a gano inda ya kauce, wanda hakan fifiko ne a kan ido. Haɗarin yana tattare ne da tufafin: abin da ya zo a siffar hoto mutane kan ba shi matsayin gani da ido, su manta da sharuɗɗan da aka gina shi a kai.

A 1994 wata mujallar likitanci ta Amurka ta wallafa binciken da aka yi a kan mutum 98 waɗanda ba su da ciwon baya, inda aka samu kashi 36 cikin 100 ne kawai faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya fito lafiya lau a hoton MRI, fiye da rabi kuwa suna da aƙalla faifai guda da ya ɗan bullo. Da ɗayansu ya zo yana kukan baya, da an nuna masa wannan bullowa an ce ga sanadin, shi kuma ya tafi da yaƙinin da babu shi. Lamarin ya fi tsanani a reshen MRI da ake cewa yana nuna tunani, wanda Seiji Ogawa ya aza harsashinsa a 1990, domin abin da ake aunawa a can canjin iskar da ke cikin jinin sassan ƙwaƙwalwa ne, wanda ke biyo bayan aikin jijiyoyi da 'yan daƙiƙoƙi, sannan a tace shi da ƙididdiga. Don jan kunnen abokan aikinsa, Craig Bennett ya sa mataccen kifi cikin na'urar, ya nuna masa hotunan mutane, ya kuma gabatar a 2009 cewa idan aka yi sakaci da gyaran ƙididdiga, za a ga wasu ɗigogi sun haska a ƙwaƙwalwar kifin kamar yana nazarin fuskokin. Duk mai son kafa hujja da irin waɗannan hotuna masu launi a kan samuwar rai ko rashinsa, ko a kan zaɓin ɗan Adam, ya kamata ya fara wucewa ta gaban wannan kifi.

Abin da ya sa jini ke iya barin alama a cikin maganaɗisu shi ne sinadarin himogulobin, mai ɗaukar iska a jajayen ƙwayoyin jini, yana canza ɗabi'arsa ta maganaɗisu idan ya sauke iskar, kamar yadda Linus Pauling da Charles Coryell suka nuna a 1936. Pauling ɗin ne kuma, da abokan aikinsa, ya tabbatar a 1949 cewa cutar sikila, wadda Hausawa ke kira amosanin jini, tana fitowa ne daga bambanci a wannan sinadari, kafin Vernon Ingram ya gano a Kambirij cewa tubali ɗaya tak ne ya sauya, na shida a sarƙa mai tubali 146. A nan tambayar gaibu ta bar abin da ke ɓoye a yanzu ta koma kan abin da bai auku ba, ta kuma shigo cikin gidajen Hausawa kai tsaye, domin Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da cutar, jihar Kano ma ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024.

Abin da ilimin gado ke cewa a kan ma'aurata biyu masu rukunin AS, wato masu ɗauke da gadon sikila ba tare da ta kama su ba, a bayyane yake: a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai cutar. Kuskuren da ya yaɗu shi ne a fahimci maganar kamar rabon gado, wato cikin 'ya'ya huɗu dole ɗaya ya kamu, alhali kowane ciki sabon lissafi ne da bai san abin da ya gabace shi ba. Idan aka bi lissafin, cikin irin waɗannan gidaje masu 'ya'ya huɗu kusan ɗaya cikin uku ba za su ga mai SS ko ɗaya ba, kuma su ne ake kafa misali da su a zauren ɗaurin aure a ce ga wane da wance sun yi, Allah bai jarrabe su ba, likitoci dai ba su san gaibu ba. Maganar ƙarshen gaskiya ce, amma ba ta rushe komai ba, tunda lissafin da kansa ya yi hasashen samuwar waɗannan gidaje, kamar yadda ya yi hasashen gidan da zai haifi biyu ko uku a jere. Ko bayan an haifi mai SS ɗin, gwajin bai faɗi yadda rayuwarsa za ta kasance ba, domin tsananin cutar kan bambanta ƙwarai, an kuma lura tana zuwa da sauƙi a gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya, inda masu ita ke riƙe da kaso mai yawa na himogulobin irin na jarirai. Samfurin yana magana ne a kan jama'a, ba ya san sunan kowa.

Malaman usulul fiƙihu sun daɗe da ma'aunin da ya dace da wannan hali, inda suka jera matakan sani daga yaƙini zuwa zato mai rinjaye, zuwa shakka, zuwa wahami, suka kuma tabbatar cewa mafi yawan hukunce-hukuncen aiki a kan zato mai rinjaye suke tsayuwa. Da shi alƙali ke karɓar shaidu, da shi kuma ake ba mara lafiya damar ajiye azumi ko yin taimama bisa maganar amintaccen likita, ba tare da an nemi likitan ya rantse cewa cutar za ta ƙaru ba. Hoton MRI da gwajin jini a wannan mataki suke zaune, don haka masu ɗaga su zuwa yaƙini da masu watsi da su don ba su kai yaƙini ba kuskure guda suke yi, wato ɗaukar cewa ilimin da bai kai gaibu ba bai isa a yi aiki da shi ba. Sa'ad da Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda labarin annoba, bai yi da'awar sanin wanda zai mutu ba, bai kuma yarda cewa juyawar fita ce daga ƙaddara ba. Labari ya samu mai ƙarfi, ya yi shawara, ya ɗauki sababi.

Inda ma'aunin ya fara gaza bayar da amsa shi ne wurin da gwaji ya kusa kai wa yaƙini amma babu sababin da za a ɗauka. Cutar Huntington, wadda ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, galibi bayan mutum ya kai tsakiyar rayuwa, tana bin gado ta yadda ɗan mai ita ke da yiwuwar rabi da rabi, an kuma gano ƙwayar gadonta a 1993 bayan dogon bincike da ya haɗa da iyalan da ke zaune a bakin tafkin Marakaibo na ƙasar Benezuwela. Gwajin jini guda na iya shaida wa matashi mai ƙoshin lafiya, da tabbaci mai ƙarfi, ko cutar na jiransa, alhali har yanzu babu maganin da ke warkar da ita. A nan tambayar ta sauya daga ko an halatta wa mutum ya sani zuwa ko wajibi ne a kansa ya sani, da kuma ko wadda zai aura da 'ya'yan da zai haifa suna da haƙƙi a cikin abin da shi ya zaɓi ya bari a rufe. A ƙasashen da gwajin ya daɗe da samuwa, mafi yawan waɗanda ke cikin haɗarin ba sa zuwa a yi musu.